Ciwon kai na kai musu, suka gano hawan jini

Na yi kusan shekara uku ina shan maganin maleriya da taifot duk bayan wata biyu ko uku. Da na ji kaina ya yi nauyi, jikina ya mutu, idan na taso daga Kantin Kwari sai in biya ta wajen mai kemis ɗin unguwarmu, wanda kowa ke ce wa "Dakta", in gaya masa abin da nake ji. Ba ya ɓata lokaci. Zai haɗa mini maganin zazzaɓi na kwana uku, da kafso na kwana biyar, da ƙwayar ciwon jiki, wani lokacin har da allura. Sau biyu ya tura ni wani ɗan ɗakin gwaji a bakin titi, aka ɗebi jinina, takarda ta dawo da lambobi ya ce taifot ce ta kama ni sosai. Ina sha, in ɗan ji dama, in koma kasuwa. A duk tsawon wannan lokaci babu wanda ya taɓa ɗaura mini abin awon jini a hannu, ni ma ban taɓa nema ba.

Uwargida ce ta matsa. Ta ce, "Alhaji, wannan taifot da ba ta ƙarewa, ka je asibiti dai a duba ka." Na yi ta ja da ita har ranar da ina lissafi da wani baƙo daga Agadas na ga lambobin kalkuleta suna haɗuwa da juna, na kasa karantawa. Washegari bayan sallar asuba na hau Adaidaita Sahu na nufi babban asibiti.

Duk wanda ya san asibitin gwamnati ya san rabin aikin layi ne. Layin yankar kati, layin biyan kuɗi, sannan benci. Tun ƙarfe bakwai nake wurin, ban shiga wajen nas ba sai kusan goma. Ta sa na hau sikeli, kilo 91, ta auna tsayina, ta ɗaura mini abin awo a damtse. Da ta ga abin da ya nuna sai ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Baba, kana shan maganin hawan jini ne?" Na ce ni ba ni da hawan jini. Ta rubuta 158/98 a katina ba ta ƙara cewa komai ba.

Sashen da aka tura ni shi ne na likitocin iyali, wato inda duk wanda ya zo da ciwo yake fara tsayawa kafin a ga ko yana buƙatar likitan zuciya ko na ƙashi ko na ido. A da na ɗauka ƙananan likitoci ne ake ajiyewa a wurin su riƙa tace mutane. Daga baya na fahimci fanni ne mai zaman kansa, akwai waɗanda bayan digirin likitanci suka ƙara shekaru suna ƙwarewa a kansa. Wadda na samu mace ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ta biyu ba. Mun gaisa, ta ce, "Alhaji, me ke tafe da kai?" Na ce taifot da maleriya. Ta yi murmushi ta ce, "Wannan suna ne ka zo mini da shi. Gaya mini abin da kake ji a jikinka, ni zan sa masa suna."

Tambayoyinta sun fi abin da na zata yawa. Yaushe ciwon kan yake zuwa, da safe ko da yamma? Jiki yana zafi har a ji a hannu? Ƙarfe nawa nake kwanciya? Ina minshari? Goro nawa nake ci a rana? Ina shan taba? Ƙwayar ciwon jiki nawa nake haɗiya a sati? A nan na ɗan ji kunya, domin diclofenac ya zame mini kamar gyaɗa, a aljihu yake kwana. Sai ta zo kan iyayena. Na ce mahaifiyata tana nan da ranta, sai dai ciwon gwiwa. Mahaifina kuwa ya rasu ina ɗan shekara ashirin da huɗu. Ya shiga banɗaki da asuba ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, bai ƙara magana ba har kwana goma sha ɗaya da ya yi kafin Allah ya karɓi abinsa. A gidanmu cewa aka yi iska ce ta buge shi a banɗaki. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi duk abin da aka sani.

Ta yi shiru kaɗan, ta ce Allah ya jiƙansa. Sannan ta ce abin da na bayyana ya yi kama da shanyewar ɓarin jiki, kuma babban abin da ke jawo ta shi ne hawan jinin da aka daɗe da shi ba a sani ba. Jijiya ce a ƙwaƙwalwa take toshewa ko ta fashe. Shekara ashirin da biyu ina ɗauke da labarin rasuwar mahaifina ta fuska ɗaya, a cikin minti biyu ta juya mini shi.

Ta sake auna ni da kanta, amma ba irin awon da aka yi mini a waje ba. Ta sa na zauna minti biyar ban yi magana ba, bayana a jingine, ƙafafuna a ƙasa ba a harɗe ba, hannuna a kan tebur daidai ƙirji. Ta canza abin ɗaurawar da wanda ya fi girma, ta ce idan ya yi wa damtse kaɗan yana ƙara lamba. Hannun dama 154/96, na hagu kusan haka. Ta bayyana mini cewa lambar sama ƙarfin jini ne lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki, kuma daga 140/90 zuwa sama ake cewa hawan jini, amma ba a yanke wa mutum hukunci da awon rana ɗaya. Wani ganin farar riga kaɗai yake tayar masa da jini. Wani layin da ya sha ne. Ta ce in dawo bayan sati ɗaya.

Na ce to maganin maleriyar fa? Ta tura ni aka soki yatsana, aka ɗiga jini a ɗan farin abin gwajin nan, bayan minti goma sha biyar layi ɗaya ya fito. Babu maleriya. Ta ce ba za ta rubuta mini maganinta ba, domin tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani. Na ciro tsohuwar takardar taifot ɗina na miƙa mata kamar mai gabatar da shaida a gaban alƙali. Ta ce wannan gwajin Widal ne, kuma ba ƙwayar cutar yake gani ba, alamar da jiki ya bari ce bayan ya taɓa haɗuwa da ita. A gari irin namu mutane da yawa masu lafiya ƙalau idan aka gwada su za a ga lambar ta hau, maleriya ma tana iya tayar da ita. Taifot ta gaske tana zuwa da zazzaɓi mai zafi na kwanaki, kuma ana tabbatar da ita ne ta hanyar shuka jini a ɗakin gwaji a ga ko ƙwayar za ta tsiro. Ni kuwa ko zazzaɓin ban yi ba.

Gaskiya raina ya ɓaci da na fito. Na ɓata yini guda, na bar shago a hannun yara, na koma gida babu ko ƙwaya ɗaya sai takardar gwaje-gwaje da umarnin in ajiye diclofenac, in sha farasitamol idan kan ya matsa. A wurinmu likitan da bai rubuta magani ba kamar tela ne da ya auna ka bai ɗinka ba. Na gaya wa uwargida cewa yarinya ce kawai aka haɗa ni da ita.

Amma na yi gwajin. Fitsari, suga kafin in karya, gwajin ƙoda, kitsen jini, da wanda ake manna wa mutum wayoyi a ƙirji a ga bugun zuciya. Da na koma, awo ya nuna 156/98. Ƙoda lafiya, babu furotin a fitsari, suga bai kai na ciwon suga ba amma yana leƙe. Ta ce, "Alhaji, kana da hawan jini." Ciwon kan kuma, a ganinta, ba lallai hawan jinin ne ke kawo shi ba, domin yawancin masu shi ba sa jin komai. Ta fi zargin rashin barci, da yawan ƙwayar ciwon jiki wadda ita kanta tana dawo da ciwon kai kuma tana tayar da jini tana cin ƙoda, da kuma idona. Ta tura ni sashen ido. Tabarau na karatu kawai nake buƙata, abin da shekara arba'in da shida ke kawowa. Rabin ciwon kan a nan ya tafi.

Maganar magani ita ce ta ɗauke mu lokaci. Na gaya mata ƙarara ba na so in fara, don na ji ana cewa wanda ya fara ba ya dainawa, kuma yana kashe wa namiji ƙarfi. Wannan ta biyun da ƙyar na faɗe ta, ina kallon ƙasa. Ba ta yi dariya ba. Ta ce akwai wasu magungunan da kan yi wa wasu maza haka, musamman tsofaffin na rage bugun zuciya da na sa fitsari, amma hawan jinin da aka bari shi kansa yana lalata jijiyoyin wurin, kuma idan na ga canji in faɗa mata a sauya. Batun rashin dainawa kuwa ta ce ba maganin ne ke kama mutum ba, ciwon ne ba ya tafiya, ana riƙe shi ne kawai. Ta ce da lambata tana ƙasa-ƙasa kuma babu tarihin mahaifina, da za ta iya ba ni ɗan lokaci in gwada gyaran ci da motsa jiki kaɗai. Amma da wannan lamba, da wannan ƙiba, da sugan da ke leƙe, shawararta in fara yau. "Jikinka ne, Alhaji, ba zan ɗura maka ba. Amma da kai yayana ne, da ba ka fita ɗakin nan ba sai da magani."

Amlodipine ta rubuta, miligiram 5, ƙwaya ɗaya a rana. Na tambayi dalilin zaɓensa, tunda maƙwabcina a kasuwa lisinopril yake sha. Ta ce a jikin baƙar fata irin amlodipine da magungunan sa fitsari sun fi irin lisinopril sauke jini idan magani ɗaya kaɗai za a ba mutum. Ta ba ni labarin wani bincike da Dike Ojji, likitan zuciya a Abuja, ya jagoranta a ƙasashe shida na Afirka, aka wallafa a 2019, wanda ya nuna haɗin magani biyu da ke da amlodipine a ciki ya fi wanda babu shi aiki. Na ji daɗin jin cewa a kan mutanenmu aka gwada.

Sai ta yi abin da ban zata ba, ta ce zuwa na gaba in taho da mai yi mini girki. Uwargida ta zo, suka zauna kamar tsofaffin ƙawaye. "Hajiya, dunƙule nawa kike sa wa a miya?" Ta ce shida, wani lokacin takwas, ban da gishiri, ban da farin magi, ban da kanwa a miyar kuka da ɗanwake. Likita ta ce gishirin da babba ke buƙata a yini gaba ɗaya bai kai giram 5 ba, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen nan yawancinsa gishiri ne. Ba ta ce a ware mini tukunya ba, ta ce duk gidan a rage, a hankali a hankali yadda harshe zai saba, a ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa. 'Ya'yan masu hawan jini ne, gara su tashi da harshen da bai saba da gishiri ba. Ni kuma ta lissafa mini nawa laifin: tsire da yajinsa kusan kullum da dare, kilishi, lemon kwalba biyu a shago, shayi mai suga cokali huɗu, goro. Ta ce in riƙa tafiya da sauri minti talatin a rana, kwana biyar a sati. Na fara sauka daga Adaidaita tun kafin in iso gida in ƙarasa da ƙafa, har maƙwabta suka fara tambaya ko kasuwa ce ta karye.

A wannan zaman ne ma maganar mahaifiyata ta taso, da uwargida ta ce Hajiya ma kullum sai ta sha ƙwayar gwiwa. Likita ta ce a kawo ta. Aka kawo ta, aka samu nata jinin ya fi nawa hawa.

Wata na farko awo ya sauko 144/92. Wata na biyu 138/88. Daga nan na yi wautar da na ji kusan kowa yana yi. Na ji garau, awo ya yi kyau, na ce an warke. Wani abokina ya kawo mini jiƙo a jarka, ya ce da shi da zoɓo marar suga da tafarnuwa wani ɗan'uwansa ya rabu da ciwon har abada. Na ajiye ƙwaya, na daina zuwa asibiti wata huɗu. Ban ji komai ba, kuma wannan rashin jin komai shi ne ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Ranar da na raka Hajiya ganin likita, nas ɗin nan ta gane ni ta ce in kawo hannu. 172/104.

Na shiga ina jiran faɗa. Likita ta ce kawai, "Me ya sa ka daina? Kuɗi ne, ko wani abu ya dame ka, ko ka ji ka warke?" Na faɗi gaskiya. Ta ce zoɓo marar suga ba ta hana ni ba, in sha abina, amma ba zai riƙe 172 ba. Jiƙon kuwa ba ta san abin da ke ciki ba, ni ma ban sani ba, kuma ƙodar da za ta tace shi guda biyu ce tak. Ta mayar da ni kan amlodipine ta ƙara losartan miligiram 50. Ta ce ta fi son ƙananan magunguna biyu a kan ta ninka ɗaya, domin amlodipine idan ya kai miligiram 10 yakan kumbura wa mutane ƙafa. Bayan sati biyu aka sake gwada ƙodata saboda sabon maganin. Ta kuma ja wa uwargida kunne kada ta taɓa shan nawa, domin losartan da danginsa suna cutar da ɗan da ke ciki.

Ita ce ta sa na sayi na'urar awo ta gida, mai ɗaurawa a damtse, ta ce ban da ta wuyan hannu. Na kai mata ta gwada ta da tasu. Ina aunawa da safe kafin in sha magani da kuma dare, ina rubutawa a bayan tsohon littafin bashi na shago. A gida abin da ake so shi ne ƙasa da 135/85. Ta kuma koya wa duk gidan alamomin da ba a jira da su: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ta mutu, magana ta sarƙe, ciwon ƙirji, ko numfashi ya yi wuya. Wannan asibiti ake nufa a take, ko ƙarfe biyun dare ne.

Akwai wani abu da ya faru da ya sa na ƙara yarda da ita. Lokacin da magunguna suka yi tsada bayan faɗuwar naira, na je kemis sayen losartan, mai kemis ya ce ya hau, ga lisinopril mai sauƙi, duk aikinsu ɗaya. Na karɓa. Bayan sati uku tari ya kama ni, busasshe, mai ƙaiƙayi a maƙogwaro, ya fi tsanani da dare. Na sha maganin tari kwalba biyu, na sha zuma da lemon tsami, na sha kafso. Har na fara tunanin tarin fuka. Da na je, ta saurari ƙirjina, ta ce in zazzage mata duk maganin da ke aljihuna a kan tebur. Ta ɗauki katin lisinopril ta ce, "Ga tarinka nan." Sananne ne wannan maganin yana sa wasu tari. Na koma kan losartan, ta rubuta mini sunan maganin na asali ta ce in nemi na kowane kamfani mai lambar NAFDAC wanda aljihuna zai iya, ba sai mai tsadar ba. Cikin sati biyu tarin ya ɗauke.

Da azumi ya matso na sake komawa, don a watan Maris ya faɗo, Kano ta ɗau zafi. Ta duba littafina ta ce babu abin da zai hana ni azumi. Tunda magungunan nawa sau ɗaya ake sha a rana, in mayar da su bayan buɗa-baki, in sha ruwa sosai tsakanin magariba da sahur, in yi hankali da soye-soye. Hajiya ce aka ɗan sauya wa tsari, saboda tana shan mai sa fitsari, kuma tsohuwa ce, ana tsoron ruwan jikinta ya ƙare ta faɗi. Aka ce idan ta ji jiri mai tsanani ta karya, ta rama daga baya. Hajiya ta ce ita tun tana budurwa ba ta taɓa shan azumi don ciwo ba. Likita ta ce, "Mama, ki tambayi malaminku, na san abin da zai gaya miki." Mun tambaya, haka ya faɗa.

Yanzu duk wata uku nake zuwa. Nauyina ya sauko kilo 84, sugan ya koma inda ya kamata, tsire kuwa ban iya rabuwa da shi gaba ɗaya ba, na mayar da shi na ranar Juma'a. Na'urar awon tana shago a ƙarƙashin teburin lissafi, kuma ta zama ta layinmu gaba ɗaya. Bayan la'asar sai ka ga mutum ya shigo kamar zai taya shadda, ya zauna ya naɗe hannun riga. Ina sa shi ya yi shiru minti biyar, abin da ya fi komai wuya ga ɗan kasuwa. Cikin ƙannena huɗu da na auna, biyu na tura asibiti. Ɗaya ya je. Ɗayan ya ce shi lafiyarsa ƙalau, taifot ce kawai take damunsa lokaci-lokaci, kuma har yau muna kan wannan magana da shi.